Daga Jiha Guda Aka Fara: Jawabi a Taron Reshe



Kowannenmu ya san yaron nan na bencin baya, wanda shekara ke ƙarewa bai iya haɗa baƙi ba. Mu kira shi daƙiƙi, mu wuce. A wasu ƙasashe akwai ma'aikaci na musamman domin irin wannan yaro, wato masanin halayyar yara na makaranta. Yau ina so in faɗi yadda waɗannan masana suka sami murya.

Malama ce ma ta buɗe ƙofar. A 1896 ta kai wani ɗalibinta da rubutu ya gagara wurin Lightner Witmer a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, daga nan ya kafa cibiyar duba irin waɗannan yara. A 1915 jihar Connecticut ta ɗauki Arnold Gesell aiki da wannan muƙami. Sai dai masanan sun daɗe a warwatse, kowa na fama shi kaɗai a yankinsa.

A 1943 na jihar Ohio suka kafa ƙungiyarsu, ita ce ta farko a matakin jiha. Akwai babbar ƙungiyar masana halayya ta ƙasa, amma ta fi ba masu digirin dakta muhimmanci, alhali mafi yawan masu aiki a makarantu ba su da shi. Saboda haka a 1968 mutanen Ohio suka gayyaci takwarorinsu na sauran jihohi zuwa birnin Columbus. A 1969, a St. Louis, aka kafa ƙungiyar ƙasa ta NASP, aka zaɓi Pauline Alexander, 'yar Ohio, shugabar farko.

Ku lura, shekara 26 ƙungiyar jiha ta yi tana aiki kafin ta haifi ta ƙasa. Mu ma NUT ɗinmu, da aka kafa a Legas a 1931, daga haɗuwar ƙananan ƙungiyoyin malamai ta fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Roƙona ga wannan reshe shi ne mu kafa kwamiti na malamanmu da suka karanta fannin ba da shawara, su riƙa haɗuwa duk zango, su tattara bayanan yaran da karatu ke gagara, mu kai wa hukumar ilimi buƙata a rubuce. In mun yi shiru, yaron bencin baya tasha zai koma.

Allah Ya yi mana jagora.