Hoton Zuciya da Canjin Sakamakonsa



Zuciya tana da jijiyoyinta na kanta waɗanda ke ciyar da ita jini. In kitse ya taru a bangonsu har hanya ta ƙuntata, sai mutum ya riƙa jin ƙirjinsa yana ɗaurewa in ya hau tudu. Tun 1958, sa'ad da Dokta Mason Sones na Amurka ya fara ɗaukar hoton waɗannan jijiyoyi bayan ya zuba musu rini, likitoci suka sami hanyar gani da ido. Daga baya aka ƙago wani hoton, wanda ke nuna yadda jini ke ratsa naman zuciya bayan an sa majiyyaci motsa jiki.

To, abin da nake so mu duba yau shi ne yadda sakamakon ya canja. A asibitin Cedars-Sinai na Los Angeles an bi bayanan mutum 39,515 da aka yi wa wannan hoto na biyu. A 1991, kashi 41 cikin ɗari aka sami illa a zuciyarsu. Kafin 2009 adadin ya faɗi zuwa ƙasa da kashi 9. Haka kuma wani bincike na 2010 ya nuna cewa cikin Amurkawa kusan 400,000 da aka zura wa bututu don hoton rini, kashi 38 kaɗai aka tarar da toshewa mai tsanani.

Me ya kawo haka? Dalili na farko abin murna ne: shan taba ya ragu, magungunan hawan jini da na rage kitse sun yaɗu. Na biyu kuwa abin tunani ne: likitoci sun shiga tura masu ƙaramin haɗari gwajin da ba su bukata. Gwajin nan ba kyauta ba ne, yana cin kuɗi, yana kuma ɗora wa jiki tururin nukiliya.

Saboda haka a 2019 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta rage ƙiyasin da ake yi na yiwuwar cutar kafin gwaji. Ɗalibanmu, ku riƙe wannan: na'ura ba ta maye gurbin sauraron majiyyaci. Ku tambayi shekarunsa, irin ciwon, da tarihin gidansu, sa'an nan ku yanke wa za a tura.