Numfashinka da kaskon gawayi

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ya gabatar wa matasa, ganin sanyi ya kankama. A sha karatu lafiya.

 

Maganata ta yau a kan numfashi take. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wato wajen sau 20,000 ke nan a yini da kwana. In yana zaune, kowace shaƙa ɗaya kusan rabin lita ce ta iska.

To ina iskar nan take zuwa? Da farko hanci ne yake karɓarta, ya ɗumama ta, gashin ciki da majina su tare ƙura. Daga nan ta gangara maƙogwaro. A bakin maƙogwaron akwai wani ɗan murfi da yake rufewa duk lokacin da ka haɗiyi abu, don kada abinci ya bi hanyar iska. In wani abu ya kuɓuce ya bi ta nan, shi ne ka ji mutum ya ƙware. Shi maƙogwaron bututu ne mai zobban guringuntsi, a cikin ƙirji ya rabu biyu, reshe ɗaya ya shiga huhun dama, ɗaya huhun hagu. Huhun dama kashi 3 ne, na hagu kashi 2, saboda ya rage wa zuciya wuri. Wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki shi ne yake sauka ƙasa ya jawo iska, kamar zugazugin maƙeri.

Rassan nan suna ta rarrabuwa har su ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, miliyan 300 ko fiye, kowace kewaye da siraran jijiyoyin jini. A nan ake musaya. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce. Ita za ta ratsa ta shiga jini, jajayen ƙwayoyin jini su ɗauke ta su kai ko'ina a jiki, ita kuma gurɓatacciyar iska, kabon dayoksaid, ta fito waje.

Yanzu ku ba ni hankalinku, 'yan uwa, don nan ne inda nake son zuwa. In gawayi yana ci a ɗakin da iska ba ta shiga sosai, yana fitar da wata iska daban mai suna kabon monoksaid. Haka janareta ma yake fitar da ita. Ba ta da launi, ba ta da wari. Garwashin da ya yi jajir, babu hayaƙi ko kaɗan, yana nan yana fitar da ita. In ta isa jakunkunan nan sai ta shiga jini, kuma jini ya fi riƙe ta a kan oksijin sau 200 da ɗoriya. Ka ga huhu yana aikinsa, ƙirji yana hawa yana sauka, amma jinin da yake zuwa ƙwaƙwalwa ba ya ɗauke da abin da take bukata.

Wani zai ce ai in numfashi ya yi masa wuya zai farka. Ba haka abin yake ba. Abin da ya fi sa mutum ya ji yana shaƙewa shi ne taruwar kabon dayoksaid a jini, ita kuwa a nan tana fita yadda ta saba. Saboda haka jiki ba ya yin kururuwa. Mai barci sai ya zarce daga barci zuwa suma.

Da yawanmu a shago ko zaure muke kwana, mutum huɗu ko biyar, a toshe taga da tsumma, a jawo kasko ciki. In kuka tashi dukkanku da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala lokaci guda, kada ku ce zazzaɓi ne ko mura. Ku buɗe ƙofa ku fita. In wani ya suma, a fito da shi sarari, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti inda za a sa masa oksijin. Kada a tsaya ɗura masa madara ko manja, domin wanda ya suma ba ya iya haɗiya daidai, abin sai ya bi maƙogwaro ya faɗa huhu.

Saboda haka a ji ɗumi a waje, a bar kaskon a waje, a ƙara bargo. Janareta kuma a ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga. Wanda ya ji ya sanar da abokan kwanansa, ya kuma faɗa wa iyayenmu mata da suke shigar wa mai jego da jariri wuta ɗaki.

Allah ya kiyaye mu.