ABIN DA YA SA KIBIYA TA KE KAUCEWA

Jama'a, yau za mu yi magana a kan harbi da baka. Kada a raina wannan sana'a. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin 1804, yawancin jama'ar Shehu 'yan baka ne, kuma su ne suka kori dawakin Gobir. Mu kuwa bukatarmu ita ce tsaron gona daga birai, da neman nama. Amma kibiyar da ta kauce asara ce, wani lokaci ma ta sami ɗan'adam.

Da yawa cikinmu in muka yi kuskure sai mu ce rashin sa'a ne, ko an yi mana sammu. To, kafin mu zargi kowa, bari mu bincika. Laifin yana ɗayan wuri uku: kibiya, ko baka, ko maharbi.

Ga yadda za mu gane. Mu ɗauki kibau biyar marasa dafi, mu rubuta musu lamba, 1 zuwa 5. Mu kafa faifai jikin tudun ƙasa inda ba mai wucewa, mu kori yara, mu ja da baya taki 20. Mu harba su duka sau biyar, muna rubuta inda kowace ta faɗa. Nan karatunmu zai yi mana rana, gama takarda ba ta mantuwa.

In kullum lamba 3 ce kaɗai ta ke kaucewa, laifin nata ne. Mu duba kyauron daga gindi zuwa kai. In ya tanƙware, mu ɗuma shi a kan garwashi mu miƙe shi. In ya tsage, mu yar, don yana iya karyewa ya soki hannu. Kibanmu ba su da gashin tsuntsu, nauyin ƙarfen ne ya ke jansu sosai. Saboda haka lalle ƙarfen ya zauna daram, kuma kibau su zama tsawo ɗaya, nauyi ɗaya.

In duka suna faɗuwa ƙasa da inda suka saba, mu dubi tsarkiya. Tsarkiyar fata takan yi sako-sako da damina. Mu ɗaure ta tam, mu naɗa zare daidai inda mu ke ɗana kibiya, don kada wurin ya riƙa sakewa.

In kuwa sun warwatsu, wata sama, wata ƙasa, to, laifin namu ne. Watau yau mun ja tsarkiya har haɓa, an jima mun tsaya a rabi. Maganinsa abu huɗu ne. Mu tsaya da ƙafafu a buɗe, kafaɗa tana fuskantar faifai. Mu ja zuwa wuri ɗaya kullum. Mu sassauta yatsu tsarkiya ta tafi da kanta, kada mu fizge ta gefe. Sa'an nan kada mu sauke hannun baka sai mun ji kibiya ta cake.

Mu riƙa gyara abu ɗaya ɗaya. Wanda ya sake kibiya da tsarkiya da tsayuwa rana guda ba zai san wanne ya yi magani ba. Mako mai zuwa kowa ya zo da takardarsa mu duba tare. Allah ya ba mu sa'a, amin.