Darbejiyar ƙofar gida da ƙwarin lambu: jawabin ranar bikin ƙungiya



Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, malamanmu na aji, 'yan uwana 'yan ƙungiya, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Da aka ce ni zan yi magana, cewa na yi to ni me na sani in ba awo da ciniki ba? Hajiya ta ce in faɗi abin da nake yi wa ɗan lambuna na bayan gida, tunda kullum mata na tambayata a rumfa me ya sa alayyahuna ba ya zuwa da huje-huje. To shi zan faɗa, wanda ya yi da wanda bai yi ba.

Da can ni ma maganin kwalba nake fesawa. In fesa da yamma, in yanki ganye da asuba in kai kasuwa, zuciyata wasai. Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci na fara duba takardar jikin kwalbar. Turanci ne, amma lambobi na gane su, 'yata ta karanta min sauran. Ashe an rubuta kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a ci abin. Ni ban taɓa jira ba. Wallahi ranar jikina ya yi sanyi, don wannan ganyen da shi nake yi wa yarana miya. Kuma ba ni kaɗai ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda muke kira fiya-fiya. Waken da aka ƙi a can, irinsa muke aunawa a kwano, mu yi ƙosai da alale.

Abin da na koma gare shi shi ne darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina. Asalinta daga Indiya take, amma yau babu unguwar da ba ta. Yawancinmu ganyen muka sani, alhali ƙarfin maganin ya fi yawa a cikin ƙwallon. Idan 'ya'yan suka nuna suka yi rawaya suna zubowa, sai a tsince, a wanke naman a fitar, a shanya ƙwallon a inuwa ya bushe sosai. A ajiye a buhun algarara ko kwando, kar a ƙulle a leda, zai yi fumfuna ya lalace. In za a yi amfani, a daka rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Washegari a tace da ƙyalle mai laushi, a narka ɗan guntun sabulu a ciki don ruwan ya kama ganye. Ku ware masa turminsa daban. Na taɓa daka shi a turmin kayan miya, kwana uku maigida yana tambayar wa ya ɓata min rai.

Da la'asar sakaliya ake fesawa, don rana tana kashe ƙarfinsa, kuma lokacin ƙudan zuma sun ragu. Wadda ba ta da injin feshi, tsintsiya ma ta isa a yayyafa. A tabbata ya taɓa bayan ganyen, nan ne darɓa da ƙananan tsutsotsi suke maƙalewa. Ruwan da aka haɗa a ƙarar da shi ranar, kuma a maimaita duk mako.

A nan ne mata da yawa suke yin fushi su bari. Darbejiya ba ta kashe ƙwaro nan take. Ki fesa yau, gobe ki zo ki gan shi zaune, ki ce ƙarya aka yi miki. Ba ƙarya ba ce. Ta hana shi cin ganyen, ta hana tsutsar saɓa ta girma, sai ya ƙare a hankali. Saboda haka sabon ganyen da ke fitowa za ki duba, shi zai gaya miki ko ta yi aiki. Shi ya sa kuma ba a jira sai lambu ya cinye. Ni duk safiya kafin in tafi kasuwa sai na juya ganye biyar ko shida na leƙa.

Kuskuren da na yi, na ga kamar ba ta da sauri, sai na zuba garin wanki cike da hannu, na ƙara barkono, na fesa da tsakar rana. Kafin magariba kabewata da rabin alayyahun sun ƙone. Abin gida ne, amma shi ma yana da ma'auni. Yanzu duk sabon haɗi a kan tushe biyu nake fara gwadawa, in jira kwana biyu. Barkono da tafarnuwa suna kora, sai dai a kiyaye ido, a tsaya ta inda iska ba za ta dawo da shi fuska ba. Taba kuwa ban ba da shawara ba. Ruwanta dafi ne ga mutum ma, kuma tana iya kai wa tumatir ciwo.

Ba zan tsaya gabanku in ce darbejiya maganin komai ce ba. Kun tuna 2016, da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har kwando ya gagari talaka. Ita cikin ganye da cikin tumatirin take shiga, ruwan feshi ba ya riskarta sosai. In ta yi yawa, a cire abin da ta kama a binne, a nemi malamin gona. In har ya kama a sayi na kwalba, a sa wanda ya iya karatu ya karanta, a cika kwanakin jiran.

Na bishiya kuma, lemo da gwaibar gidana sun taɓa yin wani farin ƙwaro kamar auduga, ganyen ya yi baƙi kamar an shafa kunkunniya. Na sare rassan da suka fi lalacewa na ƙone, sauran na dinga wanke su da ruwan darbejiya da sabulu har sati huɗu. Ku lura da tururuwa masu hawa da sauka, zaƙin da ƙwarin ke fitarwa suke sha, su kuma suna tsaron su. Mangwaron da ya faɗo da tsutsa kuwa feshi ba ya masa komai. A kwashe a ƙulle a baƙar leda a bar shi a rana, ko a binne da zurfi, in ba haka ba ƙudan da zai fito daga ciki shi zai harbi na sama.

Wake kuma, iyayenmu da toka suke cakuɗa shi, kuma tana yi. Ni yanzu buhun nan mai leda biyu a ciki nake sawa, wanda ake kira PICS. In waken ya bushe sosai aka ɗaure da kyau, rashin iska ke kashe ƙwarin, ba sai an zuba komai ba.

Roƙona ga shugabanni shi ne, bana mu tara ƙwallon darbejiya tare. Kowace mace ta kawo kwano biyu busasshe, a ajiye a ɗakin ƙungiya, a sayi turmi ɗaya da injin feshi ɗaya wanda ba za a taɓa zuba masa na kwalba ba. Mai buƙata ta ara, ta rubuta sunanta a littafi da hannunta. Wadda take son ganin yadda ake haɗawa, ta same ni gida ranar Juma'a bayan la'asar, ta taho da bokitinta da ƙyallen tata.