Lissafin Turjiya da Ƙarfin Aiki a Wutar Lantarki

Wutar lantarki ta shiga gidaje da ofisoshi da kasuwanni, amma kaɗan ne daga cikin masu amfani da ita suka san yawan nauyin da wayar bangonsu za ta iya ɗauka. Alhali kuwa lissafi biyu ne kawai ake bukata, rabawa da ninkawa, waɗanda ba su fi ƙarfin ɗan firamare ba. Wanda ya iya su ya san abin da zai jona a soket, ya san kuma inda kuɗin wutarsa ke tafiya.

Da farko ya kamata a bambanta abubuwa uku. Misalinsu kamar ruwan tanki ne da ke bi ta bututu. Matsin da ke tura ruwan shi ne kwatankwacin ƙarfin turi, ana auna shi da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa shi ne kwarara, ana auna ta da amfiya. Ƙuncin bututun da ke hana ruwa gudu yadda ya so shi ne turjiya, ana auna ta da om.

A shekarar 1827 wani malamin Jamus, Georg Ohm, ya bayyana dangantakar da ke tsakaninsu: idan aka raba ƙarfin turi da kwarara, abin da ya fito shi ne turjiya. Ƙa'ida ta biyu kuwa ita ce, idan aka ninka ƙarfin turi da kwarara, a sami ƙarfin aiki, wanda ake aunawa da wat.

Ga misali. Wutar gidaje a Nijeriya bolt 230 ce bisa ƙa'ida. A ce an auna hitar dafa ruwa aka tarar tana jan amfiya 10. A raba 230 gida 10, turjiyarta om 23 ke nan. A ninka 230 sau 10, ƙarfin aikinta wat 2,300. Dutsen guga mai jan amfiya 5 kuwa turjiyarsa om 46 ce, ƙarfinsa wat 1,150. A lura a nan cewa mai ƙarancin turjiya shi ne ya fi cin wuta, gama ya fi buɗe mata hanya.

Daga nan lissafin kuɗi ya zo da sauƙi. Yunit ɗaya a mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Hitar nan in ta yi aiki awa biyu kullum ta ci yunit 4.6 a rana, watau yunit 138 a kwana 30.

Wannan lissafi kuma yana bayyana abin da kowa ke gani sa'ad da wuta ta zo da rauni. Turjiyar hita tana nan kusan yadda take, om 23. In ƙarfin turi ya sauko zuwa bolt 180, kwarara ta koma kimanin amfiya 7.8, ƙarfin aiki kuma ya faɗo zuwa wajen wat 1,400. Hitar ba ta lalace ba, abin da ya isa gare ta ne ya ragu, shi ya sa ruwa ke daɗewa bai tafasa ba.

Sai babbar magana, watau zafi. A wajajen 1840 James Joule na Ingila ya nuna cewa zafin da waya ke fitarwa yana ƙaruwa ne bisa kwarara sau kwarara sau turjiya. A ɗauki mahaɗar waya da ta yi sako-sako ko ta yi tsatsa, har ta sami turjiyar rabin om. Amfiya 5 za ta haifar da zafin wat 12.5 a wurin. Amfiya 10 ta haifar da wat 50. Amfiya 20 kuwa wat 200, duk a wuri da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. An ninka kwarara sau huɗu, zafi ya ninku sau goma sha shida. Da haka roba ke narkewa, ta kama katako ko tufafi ko takardun ofis.

Saboda wannan ne ake sa fiyus. Filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda aka saba da shi a Nijeriya, iyakarsa amfiya 13, watau wat 2,990. Wanda ya tara hita biyu da dutsen guga a kan jona guda ya nemi amfiya 25, kusan ninki biyu na abin da aka yarda. Aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Mai cire shi ya cusa guntun waya a gurbinsa ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Ƙa'idar nan ita ce kuma dalilin da ya sa ake ɗauko wuta daga madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, a kan manyan wayoyi masu bolt 330,000. A sauƙaƙe, aika wat miliyan ɗaya da bolt 230 zai bukaci fiye da amfiya 4,300, amma da bolt 330,000 kimanin amfiya 3 ta isa. Kwarara ta yi ƙasa, asarar zafi a hanya ta yi ƙasa ƙwarai, sa'an nan taransfoma ta sauko da ita daidai bukatar gida.

Akwai sharaɗi guda. Lissafin nan yana fita daidai ne ga kayan da aikinsu ɗumamawa, irin su hita da dutsen guga. Ga masu mota a ciki, kamar fanka da firji da injin famfo, ninka bolt da amfiya yakan ba da adadin da ya ɗara ainihin ƙarfin aikinsu, kuma sukan ja kwarara mai yawa a lokacin tashi, don haka ake bar musu rara.

Kusan kowace na'ura tana da ɗan rubutu a jikinta mai nuna bolt da wat ko amfiya. Ɗalibi a ɗakin kwanansa da ma'aikaci mai kula da kayan ofis, kowannensu ya karanta wannan rubutu, ya tara amfiyoyin abin da zai jona, ya gwada da 13 kafin ya kunna. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.