Matashin da Ba Ya Sha, Amma a Gidansu Ake Sha



Duk taron da aka kira kan shaye-shaye a ƙasar nan, matashi ake nunawa da yatsa: shi ke zuƙar wiwi a kango, shi ke afa tramol kafin ya hau babur. Da wuya a tuna da wanda ko taba bai taɓa sawa a baki ba, amma wanda ya haife shi ne ke dawowa gida a buge.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya fito a Janairun 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da suka sha ƙwaya cikin shekara guda, ban da giya da taba. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Inda abin ya fi ƙamari kuwa shi ne tsakanin shekara 25 da 39, lokacin da galibin mutanenmu sun riga sun ajiye iyali.

A irin wannan gida, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu tun daga yadda babanta ya jingine babur a zaure take gane ko yau za a kwana lafiya. Ita ke kwashe ƙannenta zuwa ɗaki, ita ke ɓoye kuɗin cefane a ƙasan kwalla. In maƙwabciya ta leƙo, sai ta ce, “Baba zazzaɓi ke damunsa.” Wani gidan ma uwar ce, da kodin a cikin kwalbar lemo, maganin tarin da gwamnati ta hana haɗawa da shigowa da shi a Mayun 2018 bayan BBC ta fallasa cinikinsa. Da safe yarinyar na gyangyaɗi a aji, malam ya sa mata bulala don lalaci.

Waje kuma gori ke jira. A ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In maganar aure ta taso, masu bincike su koma su ce gidan bai yi ba. Ga tarbiyyar rufa wa iyaye asiri, wadda abin kirki ce, amma a nan ta kulle bakin yaro. Malamai sun san biyayya ba ta kai ga a aiki ɗa sayen ƙwaya ya tafi ba. Saura su faɗa a kan mumbari.

Gadon nan ba dole ba ne. Wata mai bincike, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Amurka a 1955. Cikin 'ya'yan mashaya giya, fiye da rabi sun kai shekara 18 ba tare da wata babbar matsala ba, kuma abin da ya yawaita ga yaran da suka tsira shi ne wani babba guda da ya riƙe su tsakani da Allah: kaka, maƙwabci ko malami. Ƙungiyar Alateen, da ta fara a Kalifoniya a 1957, tana tara irin waɗannan matasa ta nuna musu cewa ba su suka jawo ciwon iyayensu ba, ba kuma su za su warkar da shi ba. Mu da muke da kawu da gwaggo da malamin Islamiyya, ba mu da uzuri.

Kai mahaifi magani aikin manyan dangi ne, kuma asibiti ake kai shi, irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato ko Dawanau a Kano. Wanda ya ga mutanen da 'yan sanda suka fito da su ɗaure da mari daga wani gidan gyaran hali a Rigasa a Satumbar 2019 ba zai so a tura kowa can ba. A kuma gaya wa yaro kada ya zubar da kwalaben da kansa: wanda giya ko diyazafam ta kama sosai, in aka yanke masa farat ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga, har ta kai ga rasa rai. A hannun likita ake janye shi, sannu a hankali.