Yini Guda Tsakanin Ruwa da Rairayi: Kada Kunya Ta Hana Ki Tambaya

  

Yau tafiya za mu yi, kuma mai nisa. Da yawa daga cikinmu yanzu suna fita waje, wata saro kaya, wata karatu, wata ta bi maigida wurin aiki. To idan Allah ya kai ki ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, da wuya ki yi kwana biyu a masauki ba a miƙo miki takardar tallar yawon hamada ba. A ɗauke ki da safe, a kai ki wanka a kwazazzabo, a hau da ke tudun yashi a mota, a dawo da ke da dare. Abu ne mai daɗi, kuma tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma akwai abin da takardar talla ba ta faɗa. Shi ya sa na ɗauki misali guda, wato irin wannan yawo da ake yi a ƙasar Oman, maƙwabciyar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa inda Dubai take, domin mu bi shi daki-daki.

Daga Maskat, babban birnin ƙasar, ake tashi da sassafe a motar jif tare da jagora, wanda galibi shi ne kuma direba. Wurare biyu ake nufa, duka a lardin Sharƙiyya ta Arewa. Na farko Wadi Bani Khalid, kimanin kilomita 200 daga Maskat, tafiyar kusan awa uku. Na biyu kuma sahara ce da aka fi sani da Rairayin Wahiba, sunan wata ƙabila da ke zaune a cikinta, ko da yake a hukumance yanzu Rairayin Sharƙiyya ake ce mata. A hanya za ku ratsa garin Ibra. In kin yi sa'a ranar Laraba ce, akwai kasuwar mata da ke ci da safe a garin, mata ne masu sayarwa, mata ne masu saye, ga yadi, ga turare, ga kayan kwalliya. Ki roƙi jagora ya tsaya ko na rabin awa ne. Jimlar tafiyar, zuwa da dawowa, takan cinye yinin nan kaf, sai bayan isha'i ake komawa masauki.

Tun kafin ki biya kuɗi aikinki ya fara, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ki tambaya: kamfanin nan yana da rajista? Mutum nawa ne a mota? Kowace kujera tana da bel? Akwai rigar ceto ta shiga ruwa, har da ta yara? Idan aka wayi gari da hadari, ana fasa tafiya a mayar da kuɗi? Na san halinmu, an yi mana tarbiyya da kawaici, mace takan ji nauyin ta tsare namiji baƙo da tambayoyi. Amma 'yar'uwa, kuɗinki ne, kuma ranki ne. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya ji haushi don kin yi masa waɗannan tambayoyi, to ya riga ya ba ki amsa, ki nemi wani.

Haka kuma ki duba lokaci. Daga watan Oktoba zuwa Maris ne yanayin ya fi sauƙi. Da bazara kuwa zafin cikin hamadar yakan haura digiri 45. Ranakun Juma'a da Asabar su ne hutun mako a can, saboda haka wurin wankan yakan cika da jama'a. Mai son sakewa sai ta zaɓi tsakiyar mako.

To mu isa wadi. Abin da Larabawa ke kira wadi shi ne kwari tsakanin duwatsu inda ruwa ke bi idan an yi sama, kamar ƙoramunmu da ke ƙafewa da rani. Abin da ya bambanta Wadi Bani Khalid shi ne ruwansa ba ya yankewa duk shekara, domin daga idanun ruwa na cikin Duwatsun Hajar yake fitowa. Daga inda ake ajiye mota tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, kina bin gefen magudanar ruwa a ƙarƙashin itatuwan dabino, sai ki ɓullo kan manyan tafkuna, ruwa kore shar, garau, farin dutse ya kewaye shi. Idan kika zauna a baki kika tsoma ƙafa, wasu 'yan ƙananan kifaye za su zo suna tsattsagar miki kaushi. Kada ki firgita, ba sa cizo. In aka ƙara gaba, kwarin yakan matse ya zama kwazazzabo, a can kuma akwai wani kogo da ake kira Muƙal.

Wannan ruwa fa ba na 'yan yawon buɗe ido ba ne. Na mutanen ƙauyukan wurin ne, da shi suke shayar da dabinonsu ta hanyar tsofaffin magudanan da suke kira falaj, waɗanda ake raba ruwansu tsakanin manoma bisa lokaci. A shekarar 2006 hukumar UNESCO ta sanya biyar daga cikin irin waɗannan magudanai na Oman a jerin kayan tarihin duniya. Don haka ba a shiga da sabulu, ba a yar da leda ko ƙunzugun yara. Akwai ma allunan da ke roƙon baƙi su suturta jikinsu lokacin wanka. Nan kam mu ba mu da matsala, Musulmi ne 'yan'uwanmu, sutura al'adarsu ce kamar yadda take tamu.

Sai dai a wajen suturar nan ne nake so ki buɗe kunne. Abin da ke rufa miki asiri a tudu yana iya zama ajalinki a ruwa. Abaya, zane, dogon hijabi, da zarar sun jiƙe sai su yi nauyi, su nannaɗe ƙafafu, mayafi kuma ya manne a fuska. Ko gwanar iyo ce sai ta ji jiki. In kin yi niyyar shiga, ki tanadi dogon wando mara nauyi da riga mai dogon hannu wadda ba ta shan ruwa, da ƙaramar hula mai kama kai. Ki sa takalmin roba mai igiya, don dutsen akwai santsi.

Sannan ruwa mai haske maƙaryaci ne. Kina hango tsakuwar ƙasa ki ɗauka iya gwiwa ne, alhali ya shanye tsayin mutum biyu. Yawancinmu ba a koya mana ninƙaya ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ki ga abokan tafiya sun faɗa, ke ma ki bi don kada a ce ke baƙauya ce. Ki buɗe baki ki ce wa jagora, ban iya ruwa ba, nuna mini inda ba zurfi, ba ni rigar ceto. Mai yara kuma, ki sani yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, shiru kawai za a ji. Kada ya yi nisan da hannunki ba zai kai gare shi ba, kuma kada ki bar wa yayarsa 'yar shekara goma amanarsa ke kina ɗaukar hoto.

Yanzu ga babbar magana. Kowa na tsoron ƙishirwa a hamada, amma a kwazazzabo ambaliya ce abar tsoro. Duwatsun can tsirara suke, babu ƙasa ko ciyawar da za ta tsotse ruwa. Idan aka yi sama a kan tsauni, duk ruwan sai ya gangaro ya haɗu a matsattsen kwari ɗaya, ya taho da ƙarfi da duwatsu da itace. Ke kina ƙasa, rana na haskawa, ko ɗigo bai taɓa ki ba. Wadda ta tashi a karkara ta san haka, ƙorama kan kawo ruwa ba tare da an yi ruwa a garinku ba. A watan Afrilu na 2024, ruwan saman da ya mamaye filin jirgin Dubai ya hallaka mutum kusan 20 a Oman, cikinsu har da 'yan makaranta da ruwa ya tafi da motarsu a wannan lardi na Sharƙiyya ta Arewa. Allah ya jiƙansu. 'Yan ƙasa ke nan, waɗanda suka san wurin, balle baƙo.

Alamomin kuwa ga su. Ruwa ya fara gurɓacewa ya koma ja, ko ki ga ganye da karare suna tahowa, ko ki ji ƙugi daga sama kamar na babbar mota. Kada ki tsaya neman jaka ko takalmi, kada kuma ki bi kwarin da gudu, don ruwa ya fi ki sauri. Ki kama yaranki ki hau gefe, inda ya fi tudu. A kan titi kuma, inda hanya ta ratsa wadi, za ki ga sanduna masu jan fenti. Idan ruwa ya kai ga jan, ba a ƙetarawa, kuma dokar ƙasar ta tanadi tara da ɗauri ga direban da ya yi ganganci. In naku ya ce zai gwada, ki ce a sauke ki. Lambar neman agaji a Oman 9999 ce, ki ajiye ta a waya.

Bayan an ci abincin rana sai a juyo a nufi rairayi ta wajen garin Bidiyya. Saharar nan ta kai kimanin kilomita 180 daga arewa zuwa kudu, faɗinta kuma kusan 80, wasu tuddanta na kaiwa mita 100. Kafin a shiga za ki ga direba ya tsaya wurin mai faci an rage iskar tayoyi. Ba lalacewa motar ta yi ba. Taya mai ƙarancin iska takan baje a kan yashi, sai ta hau kai maimakon ta nutse. In an fito a sake bugawa.

Daga nan sai wasan da ake tallatawa. Mota ta haura tudu kamar za ta tashi sama, ta karkace, ta sulalo, yashi na watsuwa a gilashi. Masu so suna ta shewa. Amma jijjiga ce mai tsanani, kuma ba ta dace da mai juna biyu ba, ko mai ciwon baya ko wuya, ko mai ciwon zuciya, ko wadda aka yi wa aiki kwanan nan, ko jariri. A nan ma kunyar ce ke cutar da mu. Mace mai ƙaramin ciki ta gwammace ta yi shiru da ta faɗa a gaban surukai ko baƙin maza. Hajiya, ba sai kin yi bayani ba. Ki ce likita ya hana ni jijjiga, a bi da ni ta hanya mai sauƙi. Akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya tsakanin tuddai da ke kaiwa har sansani, kuma direbobin sun san ta. Wadda za ta yi kuma ta ɗaura bel, kada ta cika ciki, kada ta rungumi yaro a cinya. In jiri ya kama ki, ki ce a tsaya.

Wasu wuraren suna ba da hayar babur mai ƙafa huɗu. Duk wadda ta taɓa hawa acaɓa ta san yadda taya ke fizgar bakin hijabi, to ki tattare kayanki tsaf kuma ki nemi hular kwano. Raƙumi kuwa da ƙafafun baya yake fara tashi, saboda haka ki jingina baya ki riƙe sirdi da kyau, haka ma lokacin da zai durƙusa.

Abin da ya fi kwanta mini a rai a tsarin tafiyar shi ne zangon da ake yi a tantin makiyayan hamada. Za a kawo dabino da gahawa mai ƙamshi a ɗan ƙaramin kofi. Ki karɓa da dama, in kin ƙoshi ki ɗan girgiza kofin, alamar ya isa ke nan, in ba haka ba za a yi ta ƙara miki. Matan gidan masu saƙa ne, suna sayar da 'yan jakunkuna da igiyoyin makulli da kayan adon raƙumi. Ki saya ko kaɗan ne, mace ce 'yar'uwarki ke neman na kanta. Kada ki ɗauke ta hoto sai da izininta, kamar yadda ke ma ba za ki so baƙo ya shigo gidanki ya haska ki ba. Daga nan a hau tudu a kalli faɗuwar rana, yashi ya koma ja kamar garwashi, iska ta yi sanyi. Ki riƙe ruwan sha wadatacce tun safe, da ɗan abin rufa don yamma, ki kuma yi magana da jagora tun farko a kan inda za a tsaya sallah.

'Yan'uwana, ban kawo wannan don in tsorata kowa ba. Ƙasar Allah da faɗi take, kuma gani ya kori ji. Kunya ado ce ga mace, amma ba a yin ta da ruwa, ba a yin ta da direban da ya ɗauko rayukan 'ya'yanki. Ki tambaya kafin ki biya, ki faɗi abin da jikinki ba zai iya ba, in jagora ya ce a fito daga ruwa ki riga kowa fita.

Nan za mu dakata. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.